A yi lissafi kafin a sayi allon nuni na ƙananan na'urori

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da ɗaliban kwalejojin fasaha da matasan da ke haɗa ƙananan na'urori irin su injin ƙyanƙyasar ƙwai, akwatin kula da famfon burtsatse mai aiki da sola, da mitar cajin batir. Kuskuren da ya fi cinye musu kuɗi da lokaci shi ne sayen allo don kyan launinsa, daga baya a zo ana neman yadda za a sa shi ya yi aiki. Abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci tun kafin a je kasuwa: yawan ƙwaƙwalwar ajiya da cip ɗin da ke sarrafa na'urar ke da ita, da wurin da za a kafa na'urar.

Mu fara da ƙwaƙwalwa, domin lissafinta ba ya cin minti biyar. Ƙaramin allon OLED mai cip SSD1306 yana da ɗigo 128 a kwance, 64 a tsaye, kowane ɗigo ko dai a kunne ko a kashe. Hoto guda yana cin bayit 1,024 (bayit ma'aunin ƙwaƙwalwa ne, a nan ɗigo takwas ke cin bayit ɗaya). Arduino Uno kuwa, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, duka ƙwaƙwalwar aikinsa bayit 2,048 ce. Ke nan allon kaɗai ya kwashe rabi, shi ya sa da an ƙara katin ajiya ko dogayen rubuce-rubuce sai na'urar ta riƙa kashe kanta tana tashi, mai ita ya ɗora wa batir laifi. Maganin shi ne laburaren U8g2, wato shiryayyar manhajar zane a allo, a zaɓi tsarin da ke zana hoton shafi-shafi, wanda bayit 128 ya ishe shi. A kuma lura cewa yawancin masu faɗin inci 1.3 ba SSD1306 ba ne, SH1106 ne. Wanda ya sa masa manhajar da ba tasa ba zai ga hoton ya goce da ɗigo biyu, ko ya ga tarkace a allon.

Allon launi ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Mai cip ILI9341 yana da ɗigo 240 sau 320, kowane ɗigo bayit biyu, jimla 153,600. Riƙe wannan hoton gaba ɗaya ya fi ƙarfin Uno, sai cip masu ƙwaƙwalwa mai yawa irin su ESP32 ko wasu STM32. Sannan akwai hanyar da hoton ke bi. Idan SPI ce, wato 'yan wayoyin da ke kai bayanai daga cip zuwa allo, a gudun megahaz 40, cika allon gaba ɗaya yana ɗaukar kusan kashi 31 cikin 1,000 na daƙiƙa, wato hoto 32 a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai. Inda mutane ke faɗawa shi ne allon inci 3.5 mai cip ILI9488. Ɗigonsa 480 sau 320 ne, kuma a kan SPI cikakken launinsa bayit uku yake karɓa ga kowane ɗigo. Hoto guda ya zama bayit 460,800, gudun ya sauka zuwa hoto 10 ko 11 a daƙiƙa, ana kallon shafi yana saukowa kamar labule. Mai son wannan girman ya nemi ST7796, wanda ke karɓar bayit biyu. Allon 800 sau 480 kuma bayit 768,000 yake buƙata, dole sai cip mai ƙarin ƙwaƙwalwa a waje, kamar ESP32-S3 mai PSRAM.

A nawa ganin, injin ƙyanƙyasa da aikinsa shi ne nuna zafin digiri 37.5 da danshi da kwanakin da suka rage ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsohon allon rubutu mai layi 2 da harafi 16 ya wadatar, yana da araha, ana samunsa ko'ina idan ya lalace. In aka kunna shi aka ga haske babu rubutu, a fara murɗa ɗan sukurun da ke bayansa, sannan a duba adireshinsa, wato lambar da manhaja ke kiransa da ita, ko 0x27 ko 0x3F.

Sai wurin kafawa, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Allon launi na gama-gari haskensa bai wuce nit (ma'aunin hasken allo) 250 zuwa 300 ba, alhali karatu a tsakar rana yana son kusan 1,000. Akwatin famfo da aka kafa a fili da irin wannan allo, da azahar baƙi ƙirin za a gani. Yawancinsu kuma iyakar zafinsu digiri 70 ne, kuma akwatin ƙarfe rufaffe a ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana iya kusantar haka. A yi wa akwatin rumfa, a fenta shi fari, a juya fuskar allon daga rana. OLED yana da nasa ciwon: rubutun da ya tsaya wuri ɗaya wata da watanni yana barin tabo, don haka a sa ya mutu bayan daƙiƙa 30 sai an danna maɓalli. Allon takardar lantarki yana karantuwa sarai cikin haske, kuma yana riƙe rubutu ko babu wuta, amma sauya shafi na ɗaukar daƙiƙoƙi, yawancinsa iyakarsa digiri 50, kuma hasken rana kai tsaye yana lalata shi.

Batun taɓawa ba zan tsawaita ba. Inda akwai ƙurar hunturu, jiƙaƙƙen hannu ko safar hannu, maɓallai uku na gaske sun fi kowane allon taɓawa aminci. Wanda ya nace sai allon taɓawa mai cip XPT2046 ya tuna cewa sai an daidaita kusurwoyinsa, kuma gudunsa a SPI kusan megahaz 2 ne, ba 40 ba. Wayoyin SPI kada su wuce santimita 10 zuwa 15, kuma cip mai bolt 5 ba ya haɗuwa da allo mai bolt 3.3 sai da abin rage ƙarfin sigina a tsakani. Farin allo fes da ba ya nuna komai, galibi ɗaya daga cikin biyun nan ne.

A ɓangaren manhaja, idan lambobi ne da 'yan layuka, TFT_eSPI ko U8g2 sun isa. Idan ana son shafuka da maɓallai da jadawali, laburaren LVGL nake ba da shawara, domin kyauta ce ƙarƙashin lasisin MIT kuma ba ta ɗaure mutum da kamfani ɗaya. Ba ta buƙatar cikakken hoto a ƙwaƙwalwa. Kashi ɗaya cikin goma ya isa, wato bayit 15,360 ga ILI9341, ninki biyu idan za a yi amfani da DMA, wato tura hoton yayin da cip ke zana na gaba. Idan allon ya daskare, a duba ko ana kiran umarnin lv_timer_handler a kai a kai, da ko an sanar da LVGL an gama tura hoton. Idan launuka suka hargitse, bayit biyun na kowane ɗigo ne ke son a musanya su. Kuma misalan da aka rubuta wa LVGL siga ta 8 ba sa tafiya kai tsaye a ta 9. TouchGFX, wata manhajar zane irin LVGL, kyauta ce amma a kan STM32 kaɗai. Allon Nextion yana zana komai da kansa ta wayoyi biyu, yana da sauƙi, sai dai tsada, kuma ranar da ya ɓace a kasuwa sai an sake zane daga farko.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Manomin da zai yi aiki da na'urar Hausa yake karantawa, amma haruffan da ke zuwa cikin LVGL ba su da ɓ, ɗ, ƙ, kuma babu alamar ₦. Gyaran ba shi da wuya. A ɗauki salon rubutu mai ɗauke da su, kamar Noto Sans ko Andika, a sa shi a manhajar juya haruffa ta LVGL, a ƙara lambobin 0x253, 0x257, 0x199 da manyansu 0x181, 0x18A, 0x198, sai 0x20A6 na naira. Mutanen Nijar su ƙara 0x1B3 da 0x1B4 domin Ƴ da ƴ. Shi ma allon layi biyu yana da gurbi 8 na haruffan da mutum zai zana da kansa, kowanne ɗigo 5 sau 8. Shida sun ɗauke masu lanƙwasa manya da ƙanana, ɗaya na naira, ɗaya ya rage. Sai dai kada a rubuta ƙ kai tsaye cikin jimla, domin bayit biyu ce, allon zai fitar da wasu alamomi biyu marasa ma'ana. A kira ta da lambar gurbin da aka ajiye ta.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai sana'ar haɗa na'urorin lantarki, Kaduna