Wasiƙa zuwa ga ƙawata a Ingila

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya sanyi? Ya maigida da yara? Shirun nan ya yi yawa, ko ɗan saƙon murya babu. Ko fam ne ya mantar da ke mu?

Asibitinmu fa ya daina fayil ɗin takarda. Kin tuna ɗakin katin nan mai ƙura, inda mutum zai wuni a layi, ƙarshe a ce fayil ya ɓata, a buɗe masa sabo? Yanzu lambarsa kawai ake bugawa a kwamfuta. Daren Talata aka kawo wani yaro mai sikila, idanunsa sun yi fari fat, uwar ta rikice, ko rukunin jininsa ta kasa faɗa. Likita na buga lambar sai ga komai: rukunin jinin, ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe, har allurar da ba ta karɓe shi ba. Wallahi har raina na ji daɗi. Rubutun likitocin nan da muke taruwa a kansa muna kacici-kacici ma ya wuce, famasi na ganin magani tun kafin mai shi ya iso taga.

Af, Hajiya matiron ta aurar da autarta, ta yi ta cigiyarki.

Abin da ke damuna shi ne sirrin mutane. Da, sai mutum ya taka har ɗakin kati, a gan shi. Yanzu mai lambar sirri daga kujerarsa zai ga sakamakon gwajin ƙanjamau na maƙwabcinsa, ko awon cikin yarinyar unguwarsu. Wata za ta tafi salla ta bar shafi a buɗe, wani ya ara wa abokin aiki lambarsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanan majinyaci, ga dokar kare bayanai ta 2023, amma ba a taɓa zaunar da mu an karanta mana ba. A garin da kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita, aure na iya mutuwa. Na tada maganar a taron sashe, na ce tunda kwamfutar na ajiye sawun duk wanda ya shiga, a riƙa duba wa ya buɗe fayil ɗin wa, da dalilinsa.

Ku a can wane hukunci ake yi wa mai leƙe? Ki rubuto min dalla-dalla, ina so in kai wa shugaban sashe kafin taro na gaba.

Ki gaida mutanen gidan duka.

Taki,
Ƙawarki