A ba malamai fili su riƙa musayar darussan da ake yi a harabar makaranta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana malaman firamare da masu duba aikinmu.

Da an ce darasi a waje, abin da ke faɗo wa mutanenmu a rai shi ne yara zube a gindin bishiya saboda iska ta yaye rufin aji. Wannan larura ce, kuma wajibi ne hukuma ta gyara. Ni wanda nake nufi shi ne malami ya tsara darasinsa, ya fita da yara da niyya, domin abin da zai koyar yana can a tsakar makaranta.

Wata abokiyar aikina tana koyar da lissafi a aji shida. Da hantsi takan kafa sanda mai tsawon mita 1 kusa da darbejiyar bakin ƙofa, yara su auna inuwar sandar da ta bishiyar. In ta sanda mita 2 ce, ta bishiya mita 16, to tsawon bishiyar mita 8 ke nan, ba tare da kowa ya hau ba. Yaron da ya ja igiyar awo da hannunsa ba ya mance wannan lissafi. Wani malamin kuma gorar ruwa yake yanke wa kai, ya kife kan a ciki ya zama mazurari, ya kafa ta a fili nesa da indararo. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, yara su sa rula su auna ruwan saman da ya taru a gorar, su rubuta. Da yake dogon hutu yana cinye Agusta, watan marka, sai ya damƙa aikin ga yaran da gidajensu ke kusa.

Abin da ke damuna, duk wannan basira a littafin shirin darasin mutum ɗaya take kwance. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ta tafi da shi. Wanda ya gaje shi sai ya leƙa intanet, ya samo darasin da aka tsara wa ƙasar da ake dusar ƙanƙara, da aji mai yara ashirin.

Mu rubuta namu. Kowane darasi ya faɗi ajin, da inda ya dace a manhaja, da kayan da ake buƙata, da lokacin da ya fi kyau, domin wanda ya fitar da yara da tsakar ranar bazara ya zalunce su. Ya kuma bayyana yadda za a kasa cunkusasshen aji rukuni-rukuni, kowane da shugabansa, don nan ne yawancinmu ke karaya. Zaurukan WhatsApp da muke da su sun isa a fara.

Ina kira ga hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna su sa wannan cikin bitar da suke shirya mana. Sufetoci da shugabannin makarantu kuma, in sun ga aji a fili, su nemi ganin shirin darasin kafin su ce wasa ake yi.

Ku kuma, Malam Edita, ku ware mana gefen shafi duk mako a riƙa buga darasi ɗaya cikin Hausa. Abokiyar aikina ta yarda a fara da nata.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Zariya