Amsa ga ƙanena direban layin Agadas: abin da ya ci Nissan

Ƙanena, sallama da fatan an sauka lafiya.

Ran Juma'a a filin kiran waya na rediyo ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙare ban amsa ba. Ka ce yaya kamfani kamar Nissan zai yi kukan asara, alhali Patrol ɗinsa na nan na keta rairayi, kuma ba garejin da za ka shiga a Damagaram ka rasa motarsa? Ga amsar ɗan'uwanka mai sayar da kayan mota.

Mu fara da namu. Motar da muke saye a nan ta riga ta ci shekara goma ko fiye a hannun Bature kafin ta hau jirgin ruwa. Kamfani ya karɓi kuɗinsa tun ranar da ta fito sabuwa, cinikinmu kuwa tsakanin dillali da dillali ne, ko dala ba ta isa Japan. Inda Nissan ke cin abinci da gaske Amurka ce da Sin, kuma can ne tuwon ya ƙone.

A shekarar kasuwanci da ta ƙare a Maris 2025, Nissan ya yi asarar yen (kuɗin Japan) wajen miliyar 670. Ya ce zai sallami ma'aikata 20,000, ya rage masana'antu daga 17 zuwa 10. Kai ka fi kowa gane dalili. In motarka ta tashi daga tasha da rabin fasinja, man da za ta sha zuwa Tanut bai ragu ba, kuɗin yaron mota ma haka. To Nissan ya gina masana'antu a zamanin da yake sayar da mota fiye da miliyan 5 a shekara, yau da ƙyar ya wuce miliyan 3. Albashi, wutar lantarki da bashin banki duk suna nan yadda suke.

Ciwon ya daɗe. A 1999 ma kamfanin ya kusa durƙushewa, Renault na Faransa ya sa kuɗi ya aiko Carlos Ghosn, ya farfaɗo da shi. Sai dai daga baya aka kamu da son yawa. A Amurka aka riƙa karya farashi, ana zuba wa kamfanonin haya motoci, don dai a ce an sayar da yawa. Duk ɗan kasuwar Dole ya san ƙarshen wannan: in ka saba wa mutane da rangwame, ranar da ka faɗi kuɗin gaskiya sai su wuce rumfar gaba. Da aka kama Ghosn a Tokyo a Nuwamba 2018, ya kuma sulale zuwa Labanan a ƙarshen 2019, manya suka shagala da rikicin cikin gida, samfuran motocin suna tsufa a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne suna cikin na farko a harkar motar lantarki, domin tun 2010 suka fito da Leaf mai aiki da batir zalla. Suka yi sake. Amurkawa suka karkata ga mota mai haɗa mai da batir, Toyota na da ita, Nissan a lokacin ba shi da ita a wannan kasuwar. A Sin kuma kamfanonin gida irin BYD suka cika gari da motocin lantarki masu araha, cinikin Nissan a can ya faɗi da kusan rabi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ka tuna lokacin da babur ɗin Japan ne abin alfahari a garin nan, ka leƙa ka ga abin da 'yan kabu-kabu ke hawa yanzu.

An nemi haɗewa da Honda a Disamba 2024, magana ta watse a Fabrairu 2025, don Honda na son Nissan ya zauna ƙarƙashinsa. Sai ga harajin kashi 25 cikin 100 da Trump ya sa a 2025 a kan motocin waje masu shiga Amurka, ga shi motocin Nissan da dama a Meziko ake haɗa su.

Ka kuma tambaya ko ka sayar da taka tun da wuri. Ni ban ga dalili ba. Kayanta na nan a Kano da Dubai jibge, kuma za su daɗe. Ka dai kawo ta mu duba wannan ƙarar da na ji a ƙafar baya.

Yayanka, daga Zangon Damagaram.