Muhawarar auren jinsi: a fara da abin da ake ɗaurawa a ƙofar gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da maganar auren jinsi ɗaya ta taso a shafukanku, abu biyu ake gani: la'anta da jita-jita. Ba a cika tsayawa a kan asalin saɓanin ba, wato mene ne aure shi kansa. Ina roƙon ɗan fili.

A dubi ɗaurin aure a ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, amarya tana can cikin gida, wani lokaci ango ma yana gefe bai ce uffan ba. Wakilinsa ne zai ce suna nema wa ɗansu auren wance, waliyyinta ya ce ya bayar. A ƙirga sadaki a gaban mutane, a yi fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar an ɗaura a kan kaza, lakadan ba ajalan ba, a raba goro da alewa. Babu wanda ya tambayi yaran ko suna son juna, domin an gama wannan tun wajen neman aure. Abin da ake ƙullawa a tabarmar nan alkawari ne tsakanin gidaje biyu.

Littattafan Malikiyya da kotunanmu na Musulunci ke aiki da su sun sa sharuɗɗan a fili: waliyyi, sadaki, shaidu biyu adalai, sigar nema da bayarwa, da kuma namiji da mace waɗanda babu abin da ya hana su auren juna. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, zinare giram ɗaya da ɗan ɗori. To amma abin da ke biyo baya shi ya fi nuna manufar. Idda tsarki uku ce ga wadda aka saka, takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ɗan da aka haifa wata shida ko fiye bayan tarewa na mijin ne. Miji yana gadon rabi idan matar ba ta bar ɗa ba, rubu'i idan ta bari. Mata tana da rubu'i ko sumuni. Ciyarwa, tufatarwa da muhalli suna wuyan miji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rataya ne a kan akwai miji, akwai mata, kuma ana iya samun ɗa da dole a san ubansa. Idan aka zare wannan, ba gyaran fuska aka yi wa ginin ba, ginshiƙin aka cire.

Su kuwa masu goyon bayan auren jinsi a Turai da Amurka, daga wani wuri suka taso, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu yadda take. A wurinsu aure yarjejeniya ce ta balagaggu biyu da hukuma ke yi wa rajista, wadda ke jawo haƙƙoƙi na haraji, inshora, gado da izinin yanke shawara a asibiti. Shari'ar Edith Windsor a Amurka a 2013 a kan kuɗi aka yi ta: abokiyar zamanta ta mutu ta bar mata dukiya, gwamnatin tarayya ta karɓi harajin gado sama da dala 363,000 da ba za a karɓa ba da a ce miji ne ya mutu. Bayan shekara biyu, a Yunin 2015, Kotun Ƙoli ta halatta auren a duk jihohi da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Holan ce ta fara a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006. Masu goyon bayan kuma suna tambaya: in haihuwa ce manufa, me ya sa ake ɗaura wa tsoho da tsohuwa aure? Amsar malamai ita ce hukunci yana bin jinsin alaƙar ne, ba sakamakon kowane gida ba. Wanda ya yarda da ma'anar farko ba zai gamsu da ta biyu ba, haka ma akasin haka, shi ya sa ake ta magana ba a jin juna.

Game da Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta ce auren namiji da mace kaɗai ake amincewa da shi. Ta haramta ɗaura na jinsi ɗaya a coci ko masallaci, ta kuma ce takardar irin wannan aure da aka samo daga waje ba ta da amfani a nan. Masu auren ɗaurin shekara 14, wanda ya shaida ko ya taimaka shekara 10. Babu inda ta ba 'yan unguwa izinin dukan wanda suke zargi, ko yaɗa hotonsa a Facebook. Zargi ba tare da hujja ba ma laifi ne mai nauyi a Musulunci, kuma sau da yawa ɗan daudun da ke tuyar masa a bakin tasha ake far wa saboda tafiyarsa da maganarsa kawai.

Hayaniyar da aka yi a 2024 kan yarjejeniyar Samowa, wadda Najeriya ta sa wa hannu tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Pasifik, ta nuna inda muke tuntuɓe. An yi ta huɗuba a kan cewa an sayar da ƙasa, wai an amince da auren jinsi, alhali Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta duba takardar ta ce babu sashen da ya wajabta amincewa da auren jinsi. Kuma sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Roƙona, ku buga fassarar Hausa ta dokar 2014 sashe-sashe, gajera ce ba ta cin shafi guda. Ku kuma haɗa alƙalin kotun Musulunci da lauya su yi bayaninta a fitowa ɗaya.

Wassalam.
Mai karanta ku daga Zariya