Wasiƙa ga aminina kan agogon da ke cikin ƙwayar zarra

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya jikin Yaya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Saƙonka ya iso, kuma na ga inda hankalinka ya tashi. Ka ce likita ya yanke shawarar ba ta aidin mai tururin nukiliya saboda ƙwayar maƙogwaronta, wato tayiroid, tana aiki fiye da kima, kuma tun da aka ambaci nukiliya gida ya rikice, wasu na cewa kada a yarda, wai gubar za ta zauna mata a jiki har ƙarshen rayuwa. Ni ba likita ba ne, kuma abin da likitanta ya faɗa shi ne abin bi. Amma kimiyyar da maganin ya dogara a kanta ita nake karantarwa, kuma ina so ka gane ta sosai, har ka iya yi wa mutanen gida bayani da bakinka.

A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai wata 'yar mitsitsiyar cibiya inda wasu ƙananan ɓurɓushi iri biyu, furoton da niyutiron, suke cunkushe. Yawan furoton shi ke faɗa maka wane sinadari ne: aidin na da 53, darma na da 82, yuraniyom na da 92. Niyutiron kuwa yakan bambanta ko a cikin sinadari ɗaya. Aidin ɗin da jikinmu ke amfani da shi kullum yana da niyutiron 74, kuma cibiyarsa a zaune take daram. Wanda za a ba Yaya yana da 78, shi ya sa ake kiransa aidin-131, wato 53 a tara da 78. Waɗannan huɗun da suka ƙaru su suka hana cibiyar zama lafiya. Wata rana ɗaya daga cikin niyutiron ɗinta zai rikiɗe ya zama furoton, ya harbo ilektiron waje da gudun tsiya. Daga nan ƙwayar ta tashi daga aidin, ta koma zenon, wata iska da ba ta cutar da kowa. Abin da aka harbo ɗin nan shi ne tururin da ake tsoro, kuma shi ne maganin.

Yadda aka gano wannan abu yana burge ni har yau. A watan Fabrairun 1896, a birnin Faris, Henri Becquerel yana zaton gishirin yuraniyom sai ya sha rana kafin ya fitar da wani haske mai ratsa takarda. Ya naɗe farantin ɗaukar hoto da baƙar takarda, ya ɗora gishirin a kai, sai hadari ya rufe sama kwana da kwanaki. Ya tura kayan cikin durowa yana jiran rana. Ranar 1 ga Maris ya wanke farantin duk da haka, sai ga tabon gishirin ya fito baƙi ƙirin. A cikin duhun durowa, babu rana babu wuta, yuraniyom yana ta fitar da ƙarfi daga cikin kansa. Bayan shekara biyu Marie Curie da mijinta Pierre suka gano foloniyom da radiyom. A 1902 kuma, a Jami'ar McGill ta Kanada, Ernest Rutherford da Frederick Soddy suka nuna cewa sinadari ne yake rikiɗa ya zama wani sinadarin daban, maganar da masanan lokacin suka sha wuya kafin su haɗiye ta.

Tururin kansa iri-iri ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga maganarmu. Alfa ɓallin cibiya ne mai nauyi, furoton biyu da niyutiron biyu. Takarda ɗaya tana tare shi, fatar jiki ma haka, sai dai idan abin da ke fitar da shi ya shiga huhu ko ciki, ɓarnarsa babba ce. Beta shi ne ilektiron ɗin da na ambata, falle na alminiyom mai kaurin 'yan milimita ya ishe shi. Gama kuwa ɗan'uwan haske ne, irin na hoton eksire amma yawanci ya fi shi ƙarfi, kuma sai darma mai kauri ko kankare ke rage shi. Aidin-131 yana fitar da beta da gama. Betan ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu a cikin tsoka. Tayiroid kuma ita ce gaɓar da ke zuƙe aidin daga jini ta tara, ba ta bambanta mai tururi da mara tururi. Ka ga hikimar ke nan: jikin da kansa yake kai maganin inda ake so, kuma betan ya ƙare ƙarfinsa a wurin, bai kai ga zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Tun shekarun 1940 ake yi wa mutane wannan magani.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Babu wanda ya isa ya nuna ƙwayar aidin guda ɗaya ya ce ga lokacin da za ta rikiɗe. Tana iya yi cikin daƙiƙar nan, tana iya kai wata uku. Ba ta tsufa, ba ta gajiya, ba ta tuna jiya. Wadda aka samar yau da wadda ta yi wata biyu tana jira, damarsu ta rikiɗewa a awa mai zuwa daidai take. Ka dafa aidin ɗin, ka daskarar da shi, ka narkar da shi a ruwa, ka haɗa shi da wani sinadari, ba ka sauya wannan dama ba. Amma idan ƙwayoyin suka kai biliyoyi, sai tsari ya bayyana wanda ba ya kuskure. Ka ɗauki kwabbai dubu ka watsa sama, ka ware duk waɗanda suka faɗi a kan fuska ɗaya. Ba ka san wane kwabo ne zai fita ba, amma ka san kusan 500 za su rage. Ka sake watsawa, saura kusan 250, sannan 125. Lokacin da ake ɗauka kafin rabin ƙwayoyi su rikiɗe shi ne wa'adin rabi, kuma kowane iri da nasa. Na aidin-131 kwana 8 ne.

Sai ka yi lissafin da kanka. Bayan kwana 8 saura rabi. Bayan 16 saura kwata. Bayan 24 saura kashi ɗaya cikin 8. Idan aka kai kwana 80, wato an raba biyu sau goma, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Wannan ma idan jiki ya zuba ido ke nan, alhali ba haka yake yi ba: mafi yawan aidin ɗin da tayiroid ba ta kama ba yana fita ta fitsari cikin kwanakin farko. Wanda ya ce zai zauna har abada, ka ba shi biro da takarda ya raba biyu sau goma.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da ya fi daɗewa shi ya fi zafi. Akasin haka ne. Yuraniyom-238 yana da wa'adin rabi na shekara biliyan 4.5, saboda haka a hankali yake tafiya, giram ɗayansa ƙwayoyi kusan 12,000 ne ke rikiɗewa a daƙiƙa. Radiyom-226, mai shekara 1,600, giram ɗayansa biliyan 37 ne a daƙiƙa. Aidin-131 ya ninka radiyom sau dubbai, shi ya sa abin da za a ba Yaya, in aka auna nauyin aidin ɗin zalla, bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Mai sauri yana da zafi, amma nan da nan yake cinye kansa. A ganina waɗanda suka fi wahalar da ɗan Adam su ne na tsakiya, masu zafin da zai yi illa da kuma daɗewar da za ta kai tsawon rayuwar mutum.

Siziyom-137 na cikinsu, wa'adinsa kusan shekara 30. A watan Satumbar 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Birazil, wasu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka ɗauke wani ɓangare na injin gashin cutar daji, suka huda kwanson da ke ciki. Suka tarar da wani gari mai ƙyalli shuɗi a cikin duhu, wato gishirin siziyom ɗin. Wanda ya saya ya kai shi gida, aka yi ta nuna wa 'yan'uwa da maƙwabta, wasu suka ɗiba, wasu suka shafa a jiki. Mutum huɗu suka rasu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida. An gwada mutane kusan 112,000, aka samu 249 da garin ya taɓa, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasa. Duk lokacin da na kai nan a aji sai jikina ya yi sanyi, domin babu wanda ya yi nufin sharri a cikinsu, rashin sani ne kawai. Shi ya sa ba na yi wa masu tsoro dariya. Tsoron yana da tushe, abin da yake buƙata shi ne a auna shi.

Ga yadda ake aunawa a batun Yaya. Wanda aka yi wa hoton eksire, hasken ya ratsa shi ya wuce, bai bar komai a jikinsa ba. Ita kuwa abin da ke fitar da tururin yana cikin jikinta na ɗan lokaci, gama yana fitowa waje, kuma akwai ɓurɓushin aidin a fitsari da yawu da gumi. Don haka za a ba ta dokoki na 'yan kwanaki: ta kwana ita kaɗai, ta riƙe kofinta da cokalinta daban, ta kora ruwa sosai bayan ta zaga, ta wanke hannu, kada ta daɗe rungume da ƙananan yara ko kusa da mai ciki. Nisa yana aiki fiye da yadda ake zato, domin in ka ninka tazara sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kwata. Yawan kwanakin ya danganta da adadin da aka ba ta, ku nemi a rubuta muku a takarda. Abu biyu kuma ban yarda a yi sakaci da su ba. Mai ciki ko mai shayarwa ba a ba ta wannan magani, dole likita ya san halin da take ciki kafin ranar. Sannan sau da yawa bayan maganin tayiroid takan yi sanyi fiye da yadda ake so, sai a ɗora mutum kan ƙwayar da zai riƙa sha kullum. Gara ta ji wannan tun yanzu, kuma kada ta yi wasa da gwajin jinin da za a sa mata bayan makonni.

In wani ya ce shi dai ba ya son tururi ya kusance shi ko kaɗan, ka faɗa masa ya makara. A jikin babban mutum mai kilo 70, fotasiyom-40 kaɗai ƙwayoyinsa kusan 4,000 ne ke rikiɗewa a kowace daƙiƙa, kabon-14 ma yana yin kusan haka. Ga tururin da ke saukowa daga sararin samaniya, ga iskar radon da ke tasowa daga ƙasa da duwatsu. A matsakaicin lissafi na duniya mutum yana samun milisibat 2.4 (ma'aunin tururin da jiki ya sha ke nan) a shekara daga halitta kawai, kuma kusan rabinsa daga radon ne. Kakanninmu haka suka rayu a ciki. Abin tambaya kullum shi ne nawa ne, wane iri ne, a wace gaɓa, kuma na tsawon wane lokaci.

Wannan agogon da ke ƙirga wa Yaya kwana takwas-takwas, irinsa ne aka auna shekarun duniya da shi. Yuraniyom-238 yana bin matakai 14, ya bi ta radiyom da radon da foloniyom, kafin ya tsaya a darma-206. Duk dutsen da ya kulle yuraniyom a cikinsa tun ranar da ya daskare, yawan darmar da ta taru a ciki yana faɗa maka tsawon zamansa. Da auna nau'o'in darma a duwatsun da suka faɗo daga sama ne Clair Patterson, a Amurka, ya fitar da shekara biliyan 4.55 a 1956, kuma har yau lissafin bai gusa ba sai da ɗan kaɗan. Na kabon-14 gajere ne, shekara 5,730, shi ya sa yake aiki a kan ƙashi da gawayi da tsohon itace, amma ba ya kai wa abin da ya wuce shekara 50,000 da wani abu, domin a lokacin ɗan abin da ya rage ya yi ƙanƙanta da a auna shi da tabbaci. Akwai magana mai daɗi kan yadda kabon-14 yake samuwa a sama ya shiga ganye ya shiga jikinmu, amma takardar ta yi tsawo, zan ajiye maka ita sai wasiƙa ta gaba.

Ka gaida min Yaya da jiki, ka gaida uwargida da yara da duk mutanen gida. Allah ya ba da lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.