Amsa Ga Mai Tambayar Nawa Aka Biya Ni

Malam, assalamu alaikum.

Ka tsaya a bainar jama'a ka tambaye ni nawa aka biya ni har na ce a daina kiran ɗan takarar nan "carpetbagger", ka kuma ƙara da cewa da alama Turancin ne ya fi ƙarfina. Batun Turanci na bar ka da ɗalibaina, wasunsu sun girme ka. Maganar kuɗin ce ta sosa min rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da ka binciki kalmar kafin ka ɗauko ta a intanet, da ka san zagi ne mai tarihi. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, mutanen Arewa suka yi ta gangarawa Kudu, da yawansu riƙe da jakar tafiya mai araha da ake ɗinkawa da ƙyallen kafet. Daga jakar nan sunan ya fito. Turawan Kudu da suka sha kaye, aka kuma 'yanta bayinsu, su ne suka yayata shi wajajen 1868. Nufinsu shi ne matsiyacin da duk abin da ya mallaka bai cika jaka ɗaya ba, ya zo cin arzikin ƙasar da yaƙi ya daidaita. Akwai 'yan ta-more a cikin baƙin, ban musa ba. Amma har malaman da suka je koya wa 'yantattun bayi karatu sai da aka liƙa musu sunan. Albion Tourgée, wanda ya yi alƙalanci a Karolina ta Arewa, ɗaya daga jihohin Kudu, ya yi fito-na-fito da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ta'addanci a kan baƙaƙen fata, da wannan sunan aka riƙa zaginsa. Mutumin nan ne lauyan Homer Plessy a 1896, a shari'ar wariyar launin fata cikin jirgin ƙasa. Da bakin su wa kake magana ke nan, Malam?

Daga baya kalmar ta koma kan mai takara a inda ba garinsu ba. An jefi Robert Kennedy da ita a 1964, aka jefi Hillary Clinton a 2000, dukkansu a takarar Sanatan New York, kuma dukkansu sun ci.

Shi wanda kake zagi a nan aka yanke masa cibiya, a kasuwarmu mahaifinsa ya tsufa. Laifinsa kawai kakansa daga wata jiha ya zo. Wannan ciwon na "ɗan asali" da "baƙo" shi ke hana yaran da aka haifa a gabanmu gurbin karatu da aikin gwamnati, yanzu kuma kun samo masa rigar Turanci. In sata ya yi, kawo hujja ka ce ɓarawo, Hausa ba ta rasa kalmar ba. Ban manta ba kuma, a zaɓen baya hotonsa ne a jikin motarka, lokacin da ake bin yarima ana shan kiɗa.

Ka faɗi wanda ya biya ni da adadin kuɗin, ko ka janye maganar a inda ka yi ta.

Wassalam.