Zuwa ga Babana, kan zanen nan naka na biro

Assalamu alaikum Babana, ya karatu ya Kano. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, dawa muke jira.

Na ga hoton da ka turo a WhatsApp, zanen da ka yi wa Baffanka ran Alhamis a kasuwar Maigatari yana zaune kan buhu. Innarka har riƙe baki ta yi, wai har karkacewar hularsa ka kamo, kuma ka ce minti 5 kacal ka yi. To madalla. Amma idon ka kai shi sama da yawa sai goshin ya tsuke. Ido a tsakiyar kai yake, ka auna da yatsa daga haɓa zuwa tsakar ka a fuskar wani ka gani, hula ce ke ruɗin mutum.

Ni dai ban taɓa zana mutum ba, amma na daɗe ina zayyanar allo tun muna haɗa tawada da gawayi da ƙaro muna fiƙe alƙalamin gamba, kuma allo in ka ɓata sai ka wanke, takarda kuwa in biro ya hau ta shikenan ba gogewa. Na lura inda ka yi shakka a wajen kunne ka bi layi ɗaya har sau uku, wurin ya yi baƙi ƙirin. Cikin minti biyar ɗin nan ka riƙa ba kallo minti uku, hannu biyu. Inuwar ƙarƙashin hanci da wuya ka yi ta da siraran layuka kusa-kusa, in kana so ta ƙara duhu ka gitta wasu a kai, inda rana ta haska kuma ka bar farin takarda ya yi aikinsa, kar ka taɓa.

Sai maganar mutane. Kar ka zana kowa sai ka nemi izininsa, matan aure kuwa ka bar su kwata-kwata, ban son a zo min sallama ƙofar gida. Batun zana mai rai kuma ka san malamai sun yi magana a kai, ka je ka zauna da malaminka ka tambaya da kanka, kar ka tsaya ga abin da yara ke faɗa a Facebook.

Baffan naka ya ce in za ka zo hutu ka taho masa da takardar, amma wai ka rage masa hancin.

Mahaifinka